Takardar Lambun Baba

Gaya, Laraba da dare, watan Safar

Kawu Idi mai kamiyo, babbar motar kaya, ya dawo daga Kwatano. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Ɗana, biron lauyoyin nan, ofishin nasu, babu shi." Nasara biyu suka kafa shi tun kafin yaƙi. Ɗaya ya mutu, ɗayan ya koma Faransa, yanzu gishiri ake sayarwa a gidan.

Ni da hannuna na kai musu takardar lambun Baba da rikicin iyakar lambun ya taso, ban karɓi shaidar komai ba. Na ɗauka kamar gidan fatoma ne, mai saukar da fatake, in maigida ya rasu ɗansa ya gaji amanar baƙi. Ashe biro ba shi da ɗa.

Na ce, "Kawu, takardun fa?" Wai mai gadi ya sayar wa mata masu suyar kifi.

Jibi za mu gaban kumandan mai mulkin yankinmu kan rikicin, shi kuwa takarda kawai ya sani. Inna tana zaton takardar tana akwatina. Ɗazu ta ce in duba kada gara ta ci, na ce lafiya lau take.

Ya Allah! Rijiyar Baba da mangwaronsa duka, wata ta naɗe kifi da su.