Baba Ya Gwada Kwamfutocinmu Kamar Shanun Huɗa

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Ƙanwata Shafa'atu ta gama karatu a Zariya, ko jaka ba ta gama kwancewa ba ta sa hannu a shago. Kwamfutoci biyu gare mu iri ɗaya, rana ɗaya Baba ya sayo su lokacin da ya buɗe min shagon buga takardu a bakin tashar Faskari. Ta ɗauki ɗaya ta goge babbar manhajar da ke tuƙa ta, ta ɗora sabuwa. Yanzu tawa take hari. Wai, "Yaya, an daina yayin wannan." Na ce to ni ma a daina yayina mana.

Laraba, 7 ga Mayu

Sabuwar nauyin jiki gare ta. Na kunna ta, na share shago, na dawo tana ta juya ɗan zobenta. Shafa'atu ta ce sabuntawa take yi. Kullum cikin sabuntawa, yaushe za a yi aiki?

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba, tsoro nake ji. Duk abin da na iya, a kan tsohuwar na iya shi, ido rufe na san inda komai yake. In aka goge ta, na koma 'yar koyo ke nan a gaban yarinyar da na goya a bayana.

Juma'a, 9 ga Mayu

Gardama ta kai gida. Baba ya saurare mu yana sakace, sannan ya ce, "Mi ya yi zahi? Ni in zan sayi shanun huɗa a Sheme ba ni jin ta bakin dillali. Gona guda, garma guda, a ga wanda zai riga kai ƙarshen kunya." Gobe zai zo shago ya yi alƙalanci. Wadda ta ci a cikinmu, abin da ta ce shi za a bi a kwamfutocin duka biyu.

Baban da ko wayarsa sai an danna masa!

Asabar, 10 ga Mayu

Alhamdu lillahi! Yau kam na gaji da rubutu, amma sai na rubuta wannan.

Aikin gwaji shi ne katin bikin Blessing, ɗiyar Malam Samuel mai gyaran janareto. Kowaccenmu ta tsara shi ta buga. Ban san wa ya baza labari ba, sai ga mai shayi da 'yan acaɓa cike da ƙofa. Baba ya hakimce a kujera, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce bisimilla.

Tawa ta buɗe ido tun ta Shafa'atu tana miƙa. Kafin ta gama zaɓen furen da za ta sa a gefe, firinta ta tofo nawa. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa a bainar jama'a.

Sai Baba ya ce, "Dakata, Zulai. Wani san sai a hannun mai shi yake tahiya. Ku sauya wuri."

Na tashi na ba ta wurina. Na zauna gaban sabuwar, komai an canza masa mazauni, kamar an shiga ɗakina an juya min kaya. Zufa har cikin hijabi. Na rasa ta inda zan fara, sai na daina kallon allon, na bar yatsuna suka danna abin da suka saba dannawa. Ai kuwa ta amsa! Duk maɓallin da na taɓa sai ta amsa. Ita kuma Shafa'atu tana can kan tawa tana laluben hanya da linzamin kwamfuta. Na sake riga ta.

Hukuncin Baba: "Sabuwar ta hi nauyin tashi, wanga kowa ya gani. In ta tashi kuwa ba ta da laihi. Saura hannu ne." Na ce a bar min tsohuwata yadda take. Mai shayi ya aiko min da kofi har da madara.

Katin da ya fito daga sabuwar, shi Malam Samuel ya ɗauka. Dace ne kawai.

Lahadi, 11 ga Mayu

Har yanzu ina jin daɗi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Shafa'atu ta yi sanyi. Na tsokane ta ko sabuntawa take yi, ba ta yi dariya ba. Abin da ta ce kawai, "Yaya, ni ba kujerarki na zo karɓa ba." Inna ce ta gaya min ta samu aiki a wani shago a Ƙanƙara. Allah ya sa alheri. Ni dai ban kori kowa ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Jiya ta tafi, ta bar kwamfutar. Yau a kanta na yi aiki, don dai ta fi kusa da fanka. Har yanzu tana da nauyin tashi, kuma shagon ya yi shiru da yawa in mutum yana jira shi kaɗai.

Na kira Shafa'atu na tambaye ta inda ake sauya girman takarda. Ta yi ta bayani tana dariya, har da "kin gane, Yaya?" Na san wurin tun ranar gwaji.

Da alama gobe ma zan manta inda yake.