A Bar Mana Bangon Gabas Har Mai Jaki Ya Isa

Zuwa ga Alhaji Lawal, Shugaban Kwamitin Gyaran Firamaren Unguwarmu, Batsari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ɗawainiyar jama'a. Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, Idi Gajere ne, wanda kuka zauna benci ɗaya da shi a aji huɗu. Kai ka wuce gaba har ka zama Alhaji Lawal, ni kuwa na wuce gona. In ka ga harafi ya karkace, ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da hauya. Sau biyu ina zuwa gidanka ana cewa kana Katsina, shi ya sa na rubuta a fili. Kukana a kan bangon gabas na aji biyar ne, wanda aka ce ka ba da umarni a shafe shi da siminti ranar Asabar.

Na ɗaya. An ce maka yara sun ɓata bango da ƙazanta. Ba haka ba ne. Malama Hadiza, wadda aka turo mana daga Safana, ita ke karanta musu tsohon littafin nan na hikaya da aka karanta mana muna yara, na mutumin da aka kora daga garinsu, daga shi sai jakinsa. Duk babin da suka gama, sai su zana shi a bango. Ba su taɓa ko kwabon makaranta ba. Jar ƙasa suka ɗebo, da farar ƙasa, da gawayi. Iyayensu mata suka jiƙa musu makuba irin ta daɓen ɗaki, don kada ruwa ya wanke. Ni ma an ba ni muƙami: riƙe tsani. An fara gwada ni da zanen akuya, yara suka taru suna tambayar wane irin kwale-kwale ne wannan.

Na biyu. Ranar Talatar da ta wuce, tifa ta juye yashi a jikin bangon, ya binne jakin har kunne. Ba a tambayi Malama ba, ba a tambayi iyaye ba. Washegari da hannuwa yaran suka tone shi, kafin a kaɗa ƙararrawa. Kunne ɗaya ya goge.

Na uku, kuma a nan zan ajiye wasa. Ka san yawancin yaran ajin nan ba 'yan cikin gari ba ne. Daga ƙauyukan Wagini da Karare da Darini muka taso gudun hijira, kowa da abin da ya iya ɗauka a ka. Je ka dubi garin mai jakin da suka zana. Ba garin littafi ba ne. Kowane yaro gidansu ya sa. Ga rumbuna uku na gidana, ga kukar da ke bakin rijiya, har da reshen da ya karye. 'Yata Rabi ce ta zana su. Tun da muka baro gida, yarinyar nan ta koma kamar an ɗinke mata baki; in ka ji muryarta, to amsa sallama ce. A gindin bangon nan na ji ta tana yi wa wani ƙato faɗa don ya sa wa kuka ganyen bishiyar maina. Ina kan riƙe da tsani, na juya baya na ce ƙasa ce ta faɗa mini a ido.

Kuma ka lura da fuskar mai jakin: gajere ne, ga giɓi, ga hula a karkace. Unguwa duka ta gane ni. Har matata ta ce jakin ya fi ni kyau, ban kuma yi musu ba.

Na huɗu. Wannan tsakanina da kai ne, ko da yake duniya za ta karanta. Ka tuna malaminmu yana karanta mana littafin nan duk Alhamis? Ranar da mai jaki ya iso bakin kogi ruwa ya cika, a makon ne Baba ya kwanta ciwo, aka cire ni na koma noma. A bakin kogin nan na bar shi. Fiye da shekara talatin ke nan, kunya ta hana ni tambayar kowa ko ya haye. Yanzu saura fili ɗaya a bangon, bai fi faɗin tabarma ba, na babin ƙarshe, kuma Rabi aka ba wa. Na lallaɓa ta, na yi mata toshiyar gyaɗa, ta ƙi faɗa mini. Ta ce sai dai in gani a bango, ta kuma sa na yi alkawarin ba zan tambayi kowa ba. Saboda haka ko kai, in mun haɗu a masallaci, kada ka faɗa mini.

Ga roƙona. Gyara alheri ne, ba mai ƙin sa; rufin yana yoyo, mun sani. A shafe bango uku, a bar na gabas. In kwanon rufi ya ragu, a ɗan zubo masa baki don ruwan sama. A kwashe yashin nan a mayar da shi gefen rijiya, ni zan kawo amalanke, ba sai an ba ni ko ruwan sha ba. In kuwa dole sai an shafe, to a ba yaran mako biyu. Kuma ka zo da kanka ka tsaya a gabansa kafin ka yanke hukunci. Zan riƙe maka tsani, na ƙware.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ni dai ba na neman komai, Alhaji, illa yarinyar nan ta gama abin da ta fara, ni kuma in gani da idona ko mutumin ya koma gida.

Wassalam.

Naka abokin benci,
Idi Gajere, mai riƙe tsani.