Takardar da Ba Ta Iso Kadawa Ba

Kadawa, 12 ga Fabrairu, 2006

Zuwa ga ƙanena Likita Lukmanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Ummul-Khairi da aiki. Inna na gaishe ku. Na ba Jaji direba takardar nan saboda sabis ɗin wayarmu sai an hau tudu, maganar kuwa ba ta bainar jama'a ba ce.

Jikin maigidana ne. Fitsarin jinin ya dawo, yanzu har da gudaji. Ya rame, wandonsa sai ya ƙara ɗaure mazagi. Ranar Laraba ana ɗibar tumatir ya kasa tsayuwa, a kan kwando ya zauna har aka tashi.

Sannan maganar bincikenku. Shekara biyu ke nan da kuka zo firamare kuka karɓi fitsarin mutane, kuka ɗauki hoton cikinsu, kuka raba ƙwayoyi. Ni na bi gida gida ina lallashin mata su turo mazansu, na ce ƙanena ne, ba zai cuce mu ba. Har yau in na shiga ajin matan aure a Islamiyya sai wata ta ce, "Malama, ina sakamakon?" Katin maigidana na nan a wurina, lamba 217. Ka duba mana.

Wassalam, yayarka,
Halimatu Sa'adiyya

Asibitin Koyarwa, 16 ga Fabrairu, 2006

Yaya Halimatu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, ina gaida Inna da Yaya Sammani, Allah ya ba shi lafiya.

Kada hankalinki ya tashi. Tsargiya tana dawowa ga duk wanda bai daina shiga ruwan kanal ba, domin ƙwayar cutar a jikin katantanwa take, kuma manomi ba shi da yadda zai yi. Ku kawo shi ranar Talata da safe, ku tambayi sashen cututtuka masu yaɗuwa.

Sakamakon bincike ba a ba da shi ɗaiɗai, a dunƙule ake fitar da shi. Ki gaya wa matan aikin ya yi kyau: wata mujallar likitoci ta karɓi rahotonmu, har an gayyace ni taro a ƙasar waje in gabatar da shi.

Naki,
Lukmanu

Kadawa, 9 ga Afrilu, 2006

Lukmanu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Mun iso gida lafiya, da robar fitsari da ledar magani. An ce ciwon daji ne a mafitsara, ya riga ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba. Ka san wannan. Abin da ban sani ba shi zan tambaye ka.

Sati biyar muka yi a gadon asibitinku. Kwana ukun farko kullum kana zuwa, daga nan sai Ummul-Khairi da kwanon abinci, kai an ce aiki ya yi maka yawa. Ranar da Farfesanku ya zagayo da ɗalibai, ya ga adireshinmu ya ce, "Kadawa? Ai mun yi aiki a can. An ɗauke shi hoto a lokacin?" Na miƙa masa katin. Ya aika aka ɗauko wani fayil, ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Sai ya juya harshe zuwa Turanci, ya rage murya. Na yi sakandare, Lukmanu. Na ji ya ce shekara biyu, na kuma ji sunanka.

Jiya maigidana ya ce da ni, "Ƙanin naki fushi yake da ni ne? Ko don ban daina shiga ruwa ba?" Na ce a'a. Ka ba ni abin da zan gaya masa. Me hoton nan ya nuna?

Yayarka,
Halimatu Sa'adiyya

Asibitin Koyarwa, 20 ga Afrilu, 2006

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagawa.

Ni na ɗauki hoton Yaya Sammani da hannuna. Na ga tsiro a bangon mafitsararsa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ban gaya masa ba, na ce kada in tsorata shi kafin a tabbatar. Na rubuta da jan biro a saman takardarsa: a turo shi asibiti da gaggawa. Mutum goma sha biyu na yi wa haka cikin ɗari uku da arba'in. Aikina ne in rubuta musu takardar kira idan mun koma.

Muna komawa sanƙarau ya ɓarke, har a baranda muka kwantar da mutane. Daga nan jarrabawata ta zo. Aka zuba takardun a kwali, wanda ya shigar da su kwamfuta lambobi kawai ya kwafa, babu gurbin jan biro.

Zan iya tsayawa a nan ki ɗauka mantuwa ce zalla, amma ba haka ba ne. Na tuna. Da babbar sallar bara ina zaune a zaurenku muna cin nama, na dube shi, na ga ƙato ne yana dariya, na ce a raina ƙwayoyin sun wanke abin. Kunya ta hana ni in ce, "Yaya, akwai abin da na gani ban faɗa ba." Lokacin da na rubuta miki kada hankalinki ya tashi, nawa a tashe yake.

Za ki tambaya ko da an kira shi da ya warke. Rai na Allah ne, amma irin wannan, a girman nan, kankare shi muke yi mutum ya koma gona.

Ki yafe mini. Ki roƙa mini shi.

Ƙaninki,
Lukmanu

Kadawa, 11 ga Yuni, 2006

Likita,

Assalamu alaikum. Ka zo jana'izar maigidana, ka tsaya cikin maza, ka tafi ba ka shigo ba. Gara da ka yi haka.

Na riƙe takardarka wata guda kafin in karanta masa. Ranar da hantsi ne, yana kwance a rumfa, ana jiyo injin casar shinkafa. Na karanta duka, ban tsallake maganar naman salla ba. Da na gama sai ya ce, "Mu nawa ya ce?" Na ce goma sha biyu. Ya ce, "To sauran sha ɗayan fa? Su wa ya gaya musu?"

Na juya takardarka gaba da baya, Lukmanu. Ka nemi yafiya har sau biyu, amma ba ka ce komai a kansu ba.

Ya ce in gaya maka ya yafe. Na isar da saƙo. Ni bai tambaye ni ba, kai ma kada ka tambaya.

Ka aiko mini da sunayen. Ni na fito da mutanen nan daga gidajensu.

Halimatu Sa'adiyya

Asibitin Koyarwa, 15 ga Yuni, 2006

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Yaya Sammani, ya ba ki haƙuri.

Doka ta hana in ba kowa sunan wanda ya shiga bincike, mun sa hannu a kan haka. Na kai maganar gaban Farfesa, ya ce a kafa kwamiti, kwamitin zai zauna bayan hutu. Ba zan jira ba. Ga sunayen nan a takarda ta biyu, da unguwanninsu. Duk wanda ya zo zan duba shi da kaina. Idan aikina ya tafi a kan wannan, ya tafi.

Taron ƙasar wajen na je, tun a watan Mayu. An tafa mini. Gara ki ji daga bakina.

Ƙaninki,
Lukmanu

Kadawa, 25 ga Yuni, 2006

Lukmanu,

Salam. Ina takaba, ba na fita, amma matansu sun zo mini gaisuwa, na ja su ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

Biyu sun rasu, Maharazu mai albasa da Ɗanbaba na bakin kanal. Ɗaya ya koma kudu, babu mai lambar wayarsa. Uku sun ce ba za su ba, kuma kada in sake aika musu. Biyar Jaji zai kawo ranar Talata.

Inna na tambaya ko za ka zo sadakar arba'in. Ban gaya mata komai ba. Idan ka zo, ka sauka a gidanta.

Wassalam,
Halimatu Sa'adiyya