Rigar da Na Bari a Sparkhill

Assalamu alaiki Yaya Binta,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahama, ƙaninki ne daga Manchester.

Ranar Asabar ni da Hauwa 'yata mun je unguwarku Sparkhill duba maigidanki, Malam Sani. Tun rasuwarki shi kaɗai ne a gidan. Ƙafarsa ta ƙara nauyi, amma rakiya tana nan: sai ya kai baƙo tashar bas ta Stratford Road, yana dogara sanda, yana tsayawa gaida masu shaguna. Ke ce mai cewa, "Ku bar shi, rakiyar ce hirarsa."

Da ya shiga ɗaki neman takalmi, Hauwa ta raɗa mini, "Baba, let's scarper, jirgin ƙasa zai wuce mu." Na yi dariya, na ɗaga murya na ce, "Malam, huta kawai, mun tafi!" Muka sauka da sauri.

Kin san halina, a jirgi na binciki kalmar nan "scarper". Ma'anarta a arce, a sulale kafin a riƙe mutum. Masana sun fi karkata ga cewa daga Italiyanci ta shigo Turanci, ta bakin 'yan wasa masu yawo gari-gari. Tushenta kuma Latin ne: mutum ya zame daga cikin mayafinsa, ya bar shi a hannun mai kama shi.

Nan na ji sanyi a kafaɗa. Rigar sanyina tana kan kujerarki.

Daga baya wani mai shagon nama a unguwar ya shaida mini a waya cewa Malam ya fito har tasha, sanda a hannu ɗaya, rigar a ɗayan. Ya tsaya yana leƙa kowace bas.

Yaya, ban ga laifin Hauwa ba. A wurina ta ga ana gaisuwa da ido a kan agogo. Ke kuwa da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, tare da Malam kuka raka ni har ƙofar ɗakina a Rusholme, nan Manchester.

Na kira Malam, na ce ya sa a aiko mini da rigar. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Na rataye ta kusa da ta Binta. Mai riga shi ke zuwa ɗauka."

Asabar zan koma, kuma ban sayi tikitin dawowa ba tukuna.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba ni haƙurin tafiya da takun Malam.

Ƙaninki,
Aminu