Damin Kara daga Toranke

Litinin, 8 ga Oktoba, 1973

Aji biyar, Turanci: auna fahimta. Aikin gida, tambayoyin da ke ƙasan shafin. Azumi ya kwantar da su, rabin ajin barci suke da ido buɗe. Ban tashe su ba.

Laraba, 10 ga Oktoba

Shifta. Garba monita ya kwafe aikin gida a allo, ya yi kure, na gani na bar shi.

Na sha ruwa da kunun da Hanne maƙwabciyata ta aiko. Ta ce a tambaye ni yaushe zan buɗe ɗakin matata Hure a share, wai gara na can tana aikinta. Na ce a ce mata na ji. Tun ranar da aka fitar da gawar Hure da ta jaririn a watan Yuli ban taɓa ƙofar ba, murhun ma ban kalle shi ba. A zaure nake kwana. Mutane sun ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni. Ni kuwa ba na jin komai, kuma hakan ya fi min sauƙi.

Litinin, 15 ga Oktoba

Insha'i. Na duba manhaja, makon nan ta ce: Girbi a Ƙauyenmu. Haka take cewa kowace shekara a irin wannan mako, haka kuma nake rubutawa a allo tun da na zo Gaya. Na rubuta. Shafi biyu, a kawo ranar Alhamis.

Garba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na bana ko na bara?" Na ce na littafi. Aka ɗan yi dariya, ba da yawa ba.

Sai da na fito na ga gonar bayan makaranta, dawa a tsaye fara fat, ba zangarniya ko ɗaya, sannan na gane abin da yake tambaya. Ruwa ya ɗauke tun kafin gero ya yi ido. Na sani mana, kowa ya sani. To, an riga an rubuta a allo.

Alhamis, 18 ga Oktoba

Na karɓi insha'i. Nahawu, maganar da aka ruwaito. Ba aikin gida.

Asabar, 20 ga Oktoba

Na yini ina duba takardu a gindin dalbejiya. Yaran nan sun iya ƙarya da Turanci, kuma ni na koya musu. Rumbuna sun cika har suna tumbatsa, jakuna na nishi da dammuna, mata na waƙa a masussuka, wani ma har da liyafa. Ɗan Balan ɗin nan da wandonsa ke zamewa saboda rama, shi ya fi kowa cika rumbu. Na ba shi maki mai kyau, nahawunsa ba laifi.

Sai takardar Maiwada Kabo, ɗan Toranke, wanda ya fi kowa a ajin, wanda in akwai mai cin jarrabawar fita a makarantar nan to shi ne. Layi huɗu ya rubuta. Wai bana ba su yi girbi ba. Babansa ya tafi gona da magirbi ya dawo da shi a kafaɗa. Sun sare kara sun ɗaure, kara kaɗai gonar ta bayar. Shi ke nan, ya sa aya.

Babu kure ko ɗaya. Amma shafi biyu na ce, masu jarrabawa kuma ba ruwansu da fari. Na sa jan biro: Ya yi gajarta. A sake.

Litinin, 22 ga Oktoba

Na raba takardu. Maiwada ya karanta tasa, ya ninke ta, ya sa a aljihu. Taƙaitawa. Aikin gida, sakin layi na farko.

Alhamis, 25 ga Oktoba

An tashi hutun Sallah. Aikin hutu, wasiƙa zuwa ga aboki. Wanda aka ce ya sake insha'i ya sake.

Litinin, 29 ga Oktoba

Sallah ta wuce. Na je idi, na dawo, na kwanta. Inna ta aiko daga Kademi ko zan zo. Na ce aiki.

Litinin, 5 ga Nuwamba

An dawo. Kujeru da dama babu kowa, har da ta Maiwada, ta bakin taga. Auna fahimta. Aikin gida, tambaya ta ɗaya zuwa ta biyar.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Wasu sun dawo. Shi bai dawo ba. Na yi tambaya a kan karatun jiya, na juya wajen taga kafin in tuna, don nan amsa ta saba fitowa. Garba ya amsa, ba daidai ba.

Juma'a, 9 ga Nuwamba

Ƙa'idar makaranta ce, wanda bai zo ba a aika masa aikin mako. Na kwafe na makon nan a takarda na ba wani mai keke da ke kai kananzir Ajingi, ya ce yana bi ta Toranke. A ƙasa na ƙara: insha'in da aka ce a sake bai iso ba tukuna. Ban san me ya sa na ƙara ba. Hannu ne ya saba.

Talata, 13 ga Nuwamba

Shugaban makaranta ya kira ni ofis. Sunayen masu jarrabawar fita za su tafi Kano ranar Juma'a ta mako mai zuwa. Duk ɗalibin da bai zauna a aji ba kafin ranar, za a cire shi, sai dai wata shekara in da rabo. Ya ce, "Malam Badaru, yaronka na Toranke fa?" Na ce ba yarona ba ne, ɗan aji ne. Ya dube ni ta saman tabarau.

Wata shekara. Na san yadda wata shekara take a wajen ɗan manomi, in ya fita ya fita ke nan.

Nahawu. Aikin gida, na manta ban bayar ba. Garba ya tuna min, 'yan ajin suka harare shi.

Alhamis, 15 ga Nuwamba

Bayan la'asar ƙafata ta kai ni unguwar masaƙa, gidan Shehu, mai masaukin Maiwada. Makarantar nan ba ta kwana ba ce, 'yan ƙauye a gidajen mutane suke sauka, uba ya kawo damin hatsi farkon zango, yaro ya ci daga tukunyar gida. Haka ake yi tun da aka buɗe ta, ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin ba.

Shehu bai ɓoye min ba. "Malam, ni ban kore shi ba, Allah ya gani. Ubansa ne ya ce ba shi da damin da zai aiko. Ni kuma ka ga gidan nan, sau ɗaya ake ɗora tukunya. Na ce ya zo mu lallaɓa, Kabo ya ce ɗansa ba zai cinye rabon 'ya'yana ba."

Na ɗauka jan birona ne ya kore shi. Har na ɗan ji wani abu game da hakan. Ashe ni ban ma kai nan ba, ana ta kai wa ke ta kaya.

Asabar, 17 ga Nuwamba

Toranke, a babur ɗin malamin lissafi. Na ce masa aikin makaranta zan kai.

Hanya duk gonaki a tsaye ba a taɓa su ba, wasu an saki dabbobi a ciki. Garin shiru, gidaje da yawa an jingine ƙaya a ƙofa, masu su sun tafi cin rani tun kafin lokacinsa. Kabo na samu a ƙofar gida yana gyaran igiyar jaki, dogon mutum, duk ƙashi. Ya shimfiɗa min tabarma, aka kawo ruwa, ya ba da haƙuri wai ruwan ba gari a ciki. Maiwada ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da Hausa. Ban taɓa jin muryarsa da Hausa ba, sai na ji kamar wani yaro ne daban.

Na miƙa masa aikin mako. Uban ya bi takardar da kallo.

"Malam, kai ne ka ce a sake rubuta girbi?"

Na ce ni ne.

"Ya karanta min. To, taso."

Ya kai ni bayan gida, ya ɗaga hular rumbu da kansa ya ajiye a ƙasa, ya ce in hau dutsen in leƙa. Na hau na leƙa. Ƙasan rumbun a share yake tas, har alamar tsintsiya ana gani.

"To ka faɗa masa abin da zai ƙara ya cika shafi biyun. Ni dai iyakar abin da na gani ke nan."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, da ma da faɗa ne. Na sauko na kakkaɓe hannu. Na yi masa bayanin Juma'a, da sunaye, da cewa yaron nan zai ci in ya zauna. Ya ce ya sani. Ya ce ranar Asabar mai zuwa za su kama hanyar kudu shi da yaron, akwai aikin lebura a can, mata su zauna da ƙanana. "Karatu alheri ne, Malam, amma a kan tuwon wa?"

Na ji bakina ya ce akwai ɗaki a gidana. Ban shirya faɗa ba. Kabo ya ce ya gode, amma su a gidansu ba a aika yaro masauki hannu rabbana, ko ubansa bai yi ba. Na ce ba na bukatar dami. Ya ce shi yana bukatar ya bayar.

Na hau babur. Maiwada ya rako ni har bakin hanya, takardar aikin na hannunsa. Na so in ce masa layi huɗun nan ba su da kure. Na ce ya kula da tambaya ta uku, tana da tarko.

Lahadi, 18 ga Nuwamba

Ban fita ba.

Talata, 20 ga Nuwamba

Shifta. Na karanta sakin layi ɗaya sau biyu ban sani ba, suka rubuta sau biyu.

Wane ɗaki ma na ce akwai? Ɗaki ɗaya ne a gidan in ban da zaure, kuma na san na waye. Gara ma da ya ƙi.

Alhamis, 22 ga Nuwamba

Shugaba ya nuna min takardar sunaye, ya ɗora yatsa a kan na Maiwada. Na ce a bari sai gobe da azahar. Ya ce dama sai goben.

Da na dawo na tsaya a ƙofar ɗakin. Hanne ta yi gaskiya, gara ta ci ƙasan ƙyauren, ana hango hanyarta a bango. In aka bari za ta kai rufi, gidan kuma na haya ne. Saboda wannan na ɗauko mabuɗi.

Kwallinta na nan a kan taga. Zanin goyon da Inna ta aiko yana ninke a bakin gado yadda ta ajiye shi. Na zauna a ƙasa, ban san iya zaman da na yi ba, sai da aka kira magariba. Hanne ta leƙo ta katanga ta ga ƙofa a buɗe, ta miƙo tsintsiya.

Juma'a, 23 ga Nuwamba

Ina cikin rubutu a allo, darasi na biyu, Garba ya ce, "Malam, jaki." Na ce ya yi magana da Turanci. Ya sake cewa jaki da Turanci, yana nuna taga.

Kabo ne a bakin filin makaranta, Maiwada na bayansa da akwatinsa a ka, jakin kuma an ɗora masa kara dami biyu, an ɗaure da kyau kamar yadda ake ɗaure hatsi. Tun asuba suka taso. Na fita da alli a hannu.

Ya ce, "Malam, ga damin masauki. Abin da gonar ta bayar ke nan bana. In ka raina, in koma da yarona."

Yara sun cika tagogi. Na san in na yi murmushi ko na ce ba komai, ya tafi ke nan. Sai na zagaya jakin, na ɗaga damin na ji nauyinsa, na zaro kara ɗaya na karya, yadda na ga masu masauki suna murza zangarniya. Na ce ya bushe sosai, na karɓa. Ya ce madalla. Ya kama hannun yaron ya sa a nawa, ya ce amana, ya ja jakinsa zuwa gidana ya sauke, ko ruwa bai tsaya sha ba. Gobe zai tafi kudu shi kaɗai.

Maiwada ya zauna a bakin taga. Shugaba ya zo da kansa ya leƙa, ya koma ofis. Sunaye sun tafi Kano.

Litinin, 26 ga Nuwamba

Insha'i. Manhaja ta ce Ziyarar Gidan Namun Daji, su da ba wanda ya taɓa ganin ko ƙofarsa. Na rubuta a allo: Abin da na tarar a gida da hutun Sallah. Garba ya ɗaga hannu, "Malam, shafi nawa?" Na ce iya abin da ka gani. Wannan karon kawai, mako mai zuwa za mu koma shafi biyu, jarrabawa ba ta san wannan ba.

Maiwada ba ya iya cin tuwon kasuwa kullum, ga karatu, don haka na auno gero. Hanne ta ara mana tukunya. Ya ce a gida shi yake hura wa innarsa wuta, na ce a nan karatu ya zo yi, ya ɗauki littafinsa. Na kwance damin da kaina. Karan Toranke ba ya gardama, ashana ɗaya ya kama.

Hayaƙi ya cika tsakar gida, ya shige min ido, na daɗe a tsugune ina sharewa. Maiwada ya ɗago daga littafi ya ce ko ya zo ya fifita. Na ce a'a, murhun ne ya daɗe ba a hura shi ba.

Asabar zan je Kademi. Inna ta ce rumbunmu ma haka yake, ban je na leƙa ba.