Wasan da Ya Kife Kaskon Sauda

Gwarzo,
17 ga Zulhijja.

Zuwa ga mahaifina, Malam Baƙo, Garo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Ya ƙafar, ta ɗan sassauta? Ya damina? An ce ruwa ya zauna sosai a wajenku, Allah ya ba da mai albarka. Mu nan lafiya lau, Kamila da babanta suna gaishe ka.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka ji sai na ɗaga murya, wannan magana kuwa ba ta ihu a tsakar gida ba ce. Ƙarar ɗanka Mudassir na kawo maka, kuma wallahi da haushi nake rubutun nan.

Ka tuna washegarin Sallah ka aike shi ƙauyen Jama'a da naman layya wajen Sauda. Ka ce muddin kana raye 'yar marigayiya ƙanwarka ba za ta yi Sallah ba nama ba, balle yanzu da mijinta ya rasu ya bar mata yara uku. To, ya kai naman. Ya same ta tana matsar man gyaɗa, sai ya zaro waya ya hau ɗaukar ta bidiyo, suna ta tsokanar juna irin ta taubasai kamar yadda suka saba tun suna yara. Ya ce mata baiwarsa, ta ce masa mai kan gwanda wanda har yau ya rasa wadda za ta aure shi. Har nan ba wanda zai ga laifi.

Da ya dawo sai ya yanke duk inda Sauda ta rama, ya bar inda take share gumi da gefen zani, ya ɗora a Fesbuk. Ya rubuta a ƙasa wai ga sirrin man Sauda: a robar da take wanke kashin yarinyarta take matse shi, gumin goshinta kuma shi ne gishirin ƙulin. Ya sa sunanta, ya sa unguwarsu. Baba, ni na san robar nan. Gwaggo ce ta bar mata, ko hannu Sauda ba ta yarda a wanke a ciki.

Cikin kwana uku abin ya zaga Gwarzo, ya shiga wayoyin matan da ba su san Mudassir ba, ba su san akwai taubasantaka a tsakani ba. Hajiya Zinnira mai abinci a tasha, wadda ke ɗaukar jarka huɗu duk mako, ta mayar mata da na wannan makon ko buɗewa ba ta yi ba. Masu ƙosai biyu ma sun janye. Sauda kuwa 'yar ƙaramar waya mai maɓalli gare ta, ba ta ma san me ake ciki ba, sai da wata maƙwabciya ta nuna mata.

Jiya na same shi a shagonsa na gyaran waya. Ko a jikinsa! Yana dariya ya ce wai ni ce ban waye ba, abin da ya yi sunansa turolin. Na ce ya fassara min. Ya ce tsokana ce ta zamani, kowa ya san ba da gaske ake ba. Na ce to Hajiya Zinnira ba ta cikin kowa ke nan? Sai ya koma wai Sauda taubashiyarsa ce, al'ada ta ba shi dama, kai ma kanka ka sha yin dariya in suna yi. Na ce a gabanka suke yi, ita ma da bakinta tana ramawa, in an tashi a bar maganar a nan. Wace al'ada ce ta ce a rufe bakin mutum a kai shi kasuwa a yi masa ƙarya? Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da kwance wayar wani.

Na ce ya goge. Ya ce in ya goge kamar ya amsa laifi ne, masu bin sa za su raina shi. Ka ji fa, Baba, masu bin sa! Da man nan Sauda take ciyar da marayu, shi yana lissafin masu danna masa alama.

Ina roƙon ka ka sa baki. Ba faɗa nake so ka yi masa ba, faɗa ba ya shigarsa. Ka umarce shi ya goge, ya kuma fito da fuskarsa ya faɗa wa mutane cewa ƙarya ya yi, man Sauda mai tsabta ne. In aka yi da wuri ina ganin za a iya ceto cinikin.

Ka gaishe min da Inna. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Uwaliya.

Gwarzo,
28 ga Zulhijja.

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata kun tashi lafiya, kuma maganin da na aiko ya karɓi ƙafar. Saƙonka ya iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Na san ka kira shi Garo, na san ya durƙusa a gabanka ya ce to. Abin da ban sani ba shi ne ko ka san irin to ɗin da ya yi.

Ya goge, amma sai da ya ƙara kwana biyar, lokacin duk mai so ya riga ya ajiye nasa a waya. Sannan ya yi abin da ya kira ban haƙuri. Kamila ce ta karanta min, na ce ta maimaita don na ɗauka kunnena ne. Wai yana ba da haƙuri ga duk wanda bai san wasa ba, wai a ƙasar nan ba a iya raha sai a ɗauki zafi. Ya rufe da 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye. Babu inda ya ce ƙarya ya yi. Babu inda ya ambaci robar. Sunan Sauda ma bai fito ba sai a bakin abokansa da suka taru a ƙasa, wannan ya ce a ba su ƙuli mai gishiri, wancan ya ce ashe gaskiya ce ta yi zafi. Tir da wannan ban haƙuri, gara ma da ya yi shiru.

Na koma shagon. Wannan karon na manta da akwai mutane, na wanke shi tas. Ya shafa wa idonsa toka ya ce ai ya yi abin da ka sa shi, me kuma ake so, ya yanka kansa? Wai ni ce nake hura wutar, da na yi shiru da tuni an manta. Wai ita Sauda ma ya san a ranta dariya take yi. Na ce yaushe rabonsa da ya je ya ga dariyar? Ya ce aiki ya yi masa yawa. Minti nawa ne daga shagonsa zuwa Jama'a a babur, Baba?

Daga nan na wuce tasha wajen Hajiya Zinnira, na rantse mata da Allah. Matar nan ba ta da laifi. Ta ce ita ta san Sauda, shekara shida ba ta taɓa ganin ko ƙura a manta ba. Amma direbobi sun fara tambayar ta da man wa ta yi miya, wani har ya ture kwano ya tashi. Ta ce in ta tsaya bayanin taubasantaka ga kowane mai cin abinci, tuwon zai huce a tukunya. Ta riga ta koma ɗaukar mai a wajen wata. Ta ce da yaron ya fito tun farko ya ce ƙarya ya yi, da ta sami abin nuna musu.

Akwai abin da na ɓoye maka a wasiƙar farko, ya hana ni sakat. Ranar da ya ɗora bidiyon na gani tun da hantsi. Na ga Sauda, na ga Mudassir, raina ya ba ni irin wasansu ne na gida, ban ko karanta rubutun har ƙarshe ba na danna alamar dariya na ajiye waya. Sunana yana nan a jerin masu dariya har kwana biyu kafin in farga in cire. Yau da na matsa masa, abin da ya jefe ni da shi ke nan, ya ce ai ni na fara yin dariyar. Gaskiya ya faɗa, kuma ya ƙona min rai. Na je Jama'a shekaranjiya na faɗa wa Sauda da bakina, ban ce kuskuren hannu ba ne, ban ce wasa ba ne, na ce na yi laifi ta yafe min. Minti biyu bai ɗauke ni ba. Abin da ya gagari namiji mai gemu ke nan yau sama da mako biyu.

Ta rame, Baba. Jarka shida na gani a jere a ɗaki. Babbar 'yarta ta daina fita da farantin ƙuli, don yara suna bin ta suna toshe hanci.

Cika-ciki ta kusa. Ka san duk shekara Sauda kan zo shagonsa da tsintsiya ta kora shi waje, ta ce sai ya ba ta shararta ta taubasai, kasuwa ta yi ta dariya. Bana na ce shi zai je. Ko da ja ne sai na kai shi, ya kalli idonta. Ka taya mu da addu'a.

Gaisuwa ga Inna da kowa da kowa.

'Yarka,
Uwaliya.

Gwarzo,
11 ga Muharram.

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shiga sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana cikin lafiya da imani. Ina fata kun sha ruwa lafiya jiya, kuma Inna ta sami sauƙin murar.

Mun je wajen Sauda ni da Mudassir. Ya sayi turmin atamfa, ya ɗaura a bayan babur, yana ta fara'a a hanya. Ya ce in zuba ido in gani, da ya tsokane ta sau ɗaya za ta fashe da dariya, shi ke nan magana ta mutu.

Abin da na fara gani da muka shiga shi ne kaskon suyar ƙuli a kife a gindin katanga, kaji suna hawa. Murhun ko toka babu. Ita kuma tana tsugune a kan tulin kayan wankin mutane, wankau ta koma yi. Jarkokin nan ta sayar wa wani ɗan kasuwa da zai kai su nesa inda ba a san sunanta ba, a farashin da ya ga dama.

Da ta gan shi sai ta ɗauraye hannu, ta shiga ɗaki ta yafo mayafi, ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Sannan ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Malam Mudassir ta kira shi, Baba. Ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi gajiya, ta kawo masa ruwa a kofin baƙi. Sauda fa, wadda ta goya shi, wadda ba ta taɓa kiran sa da sunan kirki ba tunda aka haife shi. Tsintsiya tana jingine a bakin ƙofa, ko kallon ta ba ta yi ba.

Ya yi ƙoƙarin nasa. Ya ce ina baiwarsa, yau ba za a kore shi ba ne? Ta ce Allah ya ƙara girma. Ya sake jefa wata, ta sake cewa Allah ya ƙara girma. Sai na ga dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya tura mata atamfar, ya ce ga shara, in ma ta ji haushi ta yi haƙuri, ita ma ta san wasa ne. Har a nan, a gaban kifaffen kaskon, wasa ne! Na ji kamar in kwaɗa masa kofin ruwan.

Sauda ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yafe tuntuni, don ita ma tana neman yafiyar Allah. Ta mayar masa da atamfar gabansa, ta ce bana ba ta yi shara ba, ba za ta karɓi abin da ba ta yi aikinsa ba. Ta ce alfarma ɗaya take roƙo, kada ya ƙara yin wasa da ita, a waya ko a fili, don wasansa ya fi ƙarfinta, yara uku take ciyarwa. Daga nan ta nemi izini ta koma kan wankinta.

Har muka shigo Gwarzo bai sake jefa wasa ko ɗaya ba. Na fara sa rai abin ya shige shi. Muna kaiwa kusa da kasuwa sai ya juyo ya ce min Sauda ta cika riƙo. Na ce ya tsaya. Na sauka na ƙarasa gida da ƙafa, ina tafe ina kuka kamar yarinya, mutane suna kallo na.

Baba, na gaji. Ban san me zan ƙara gaya wa yaron nan ba, na bar maka shi. Ni dai zan ci gaba da bin masu abinci ɗaya bayan ɗaya ko Allah zai sa wata ta yarda, ko da yake Sauda ta ce in daina wahalar da kaina.

Direban da zai ba ka wasiƙar nan zai haɗa maka da kwalba ɗaya ta man gyaɗa. Sauda ce ta bi ni da ita har zaure, ta ce a kai wa Kawu, ta san ba ka cin na kowa sai nata. Ta ware maka ita ne kafin ta sayar da sauran. Ka ce wa Inna ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, don babu wani a bayansa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya shirya mana zuriya.

'Yarka,
Uwaliya.