Motar Baba Ta Ƙi Shan Gas

Asabar, 4 ga Mayu

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, tunda ka iya leƙe, amsa mini: ka taɓa ganin abin da cikinsa fayau, an kai masa abinci har baki, ya ce ba ya ci? To a-kori-kurar Baba ke nan. Babu ɗigon gas a esinta, na'urar sanyaya motar, kuma ta ƙi karɓa.

Shekaranjiya Baba ya suma a hanyar asibiti. Awa uku zuwa, awa uku dawowa, duk Alhamis, wankin ƙoda. Na zuge gilashi, iskar da ke shigowa kamar daga bakin tanda. Na waiga na ga kansa ya langaɓe a kafaɗar Mama. Likita ta ce mini ƙiri-ƙiri, "In ka sake kawo shi a haka, zafi zai riga ciwon." Ko dai sanyi a motar, ko kada a taso.

Shekara takwas ana cewa gas ɗinta ne ya ƙare. Na ɗauka aikin rabin awa ne.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na kai ta garejin tsohon nan da ake kira Mai-sanyi, abokin Baba tun suna samari. Ya zuƙe iskar ciki da injinsa, ya ɗaura tiyo, ya buɗe gwangwanin gas. Allurar geji ta hau ta tsaya cak. Gwangwani na nan da nauyinsa. Ya ce kwamfresa ba ta kamawa, in ba ta juya ba kuwa babu abin da zai ja gas ɗin ciki. "Bar mini ita kwana biyu, ɗana, in bi wayoyi."

Kwana biyu! Na san kwana biyun makanikai. Na ce masa so yake ya kwance mai kyau ya ɗaura mini ruɓaɓɓe. Na ce gwangwanayensa ma iska ce. A gaban mai faci da mai walda da duk masu zaman benci na faɗa, da ƙarfi. Ya naɗe tiyonsa. Mai faci ne ya ce, "Malam mai littafi, Allah ya ba da sa'a."

Bakina. Na sani. Amma shi ma.

Litinin, 6 ga Mayu

Littafin gyaran da na tsinta wurin masu tsofaffin takardu, babu bango, babu shafi goma sha biyu na farko. Da ƙamus a gefe nake binsa. Ya ce akwai wani makunni da ke hana kwamfresa tashi in gas ya yi ƙasa, a haɗe bakinsa biyu da guntuwar waya. Na haɗe. Shiru. Fis ɗin wuta lafiya. Na sauya ɗan bawul ɗin bakin bututu. Na tsoma gwangwani a ruwan ɗumi. Shiru, shiru, shiru. Fitilar makunnin ciki kuwa tana kamawa, tana kallona kamar mai yi mini dariya.

Baba na zaune a kujerarsa a bakin ƙofa tun safe. Tun da jikinsa ya shanye magana ba ta fita sai da ƙyar. Yana ta buga hannun kujera, yana buɗe yatsu biyu yana rufewa. Na ce, "Baba, ka huta, ina aiki." Da yamma Mama ta ce ƙila aski yake so. Na yi masa aski. Hawaye ya yi ta yi, na ce rezar ce.

Talata, 7 ga Mayu

Yaya ya zo da farar rigarsa, ya tsaya nesa da baƙin mai. Ya ce a daina wahalar da tsoho a titi, a sayar da akwalar, a bar shi ya huta a ɗakinsa. Huta. Na san me kalmar take nufi a bakinsa. Na ce ya ara mana tasa motar. Wai ta ofis ce, ana duba mita. Na ce masa abin da ba zan rubuta ba. Mama ta shiga ɗaki ta ja labule.

Ya daɗe yana kallon bonet a buɗe kafin ya tafi. Ko tambaya ɗaya bai yi ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ba mu je ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ƙafafun Baba sun kumbura, silifas ba ya shiga. Na danna da yatsa, ramin ya zauna. Na kwance bututu biyu ina neman toshewa, domin littafi ya ce toshewa. Na hura, iska na wucewa sarai. Na mayar. Guntun fatar babban yatsana na can maƙale a bayan injin.

Na karanta shafin sau tara. Wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin motar nan ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na gaji ne kawai, ba wani hankali na yi ba. Na zube a ƙasa kusa da kujerarsa, na jingina da bango. Ya sake yin yatsun nan. Ba ni da ƙarfin cewa ya huta, sai na saurara. Bakinsa na rawa, miyau na zuba, na goge masa. Kalma ɗaya, sai a jira. Wata kalmar, sai a jira. Ya fi minti goma.

"Ni. Na. Yanke."

Waya. A ƙarƙashin sitiyari. Shekara takwas da suka wuce, lokacin ina makarantar kwana, Yaya ke fita da motar yawo da abokai, esi a kunne, ya dawo da tanki a bushe. Baba ya yanke wayar kwamfresa, ya naɗe da baƙin salatif, ya cusa cikin sauran, ya ce wa gida gas ya ƙare. Na ce, waye ya sani? Ya ce Yaya. Baba ne ya sa shi ya riƙe masa tocila, don ya gani da idonsa.

Na kwanta rigingine a ƙasan sitiyari. Tana nan. Koriya, bakinta a yanke tsaf, aikin mutum mai tsabta. Na fere, na murɗe, na tada mota. Ƙas! Kwamfresa ta kama. Allura ta sauko, gwangwani ya yi sanyi a hannuna har ya yi raɓa, ya yi sakayau.

Kwana shida yana faɗa mini. Na yi masa aski.

Litinin, 13 ga Mayu

Bututun da na kwance yana yoyo, dole na koma gareji. Masu benci suka zubo mini ido. Mai-sanyi ya leƙa ƙasan sitiyari, ya ga ɗaurin, ya girgiza kai: "Tsohon mugu. Ko ni bai gaya mini ba." Sannan ya miƙo mini geji. "Riƙe mini nan, ɗana." Na riƙe. Abin da na shirya faɗa tun daga gida ya ƙi fitowa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Mun je cikin sanyi. Mama har da jan mayafi. Muna fita gari Baba ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kashe esi. Na kunna. Ya kashe. A karo na uku na gangara gefen titi, na juyo, na jira. Ban san yaushe na koyi wannan ba. Can ya ce, "Mai." Na nuna masa allurar tanki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya janye hannu.

Asibiti sun riƙe shi. Likita ta ce ruwa ya taru har ƙirji, makon da aka tsallake ya yi ɓarna, ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na dawo ni kaɗai, Mama na can. Ban kunna ba a hanya.

Yaya, ka tsaya kana kallon bonet ɗin nan ran Talata, ka san wace waya ce, ka san launinta, ka tafi. Mantuwa ce? Ko hutun da kake so ka ba shi ke nan? Ba a waya zan ji ba, ba a ɗaki da labule a ja ba. Ran Asabar da hantsi, a gareji, a gaban Mama da Mai-sanyi da masu benci. Ni zan fara, akwai tsohon da na kira ɓarawo a wurin. In na gama, ka tashi tsaye ka amsa.